Fodkas: Yaohan, daga shagon kayan miya zuwa Shanghai

Hauwa: Assalamu alaikum, masu sauraro. Tun ranar da muka taɓo maganar rufe Shoprite ta Kano saƙonni ba su tsaya ba. Yaya Bala ya ce yana da labarin da ya fi wannan ban tausayi.

Bala: Yaohan, Hauwa. Shagon kayan miya ne fa a garin Atami na Jafan, miji da mata suka buɗe a 1930. Ɗansu Kazuo Wada ne ya...

Sani: Wada? Alhaji Wada?

Bala: Bajafane ne, Sani.

Sani: A unguwarmu kaɗai Wada uku ne, kuma dukansu 'yan kasuwa. Akwai Wada mai shinkafa, akwai Wada tela.

Hauwa: Tela ai ba ɗan kasuwa ba ne.

Sani: Ki je wurinsa ana jibi Sallah, ki dawo ki ba ni labari.

Hauwa: Na ukun fa?

Sani: Shi ya koma Kwari, atamfa yake sarowa. Sunan ne ke bin su, wadata.

Bala: To ku bari in gama da nawa Wadan. Ya duba ya ga manyan kantunan Jafan sun tare masa gaba a gida, sai ya tsallaka. Birazil a 1971, Singafo a 1974, Hon Kon a 1984, har Amurka da Landan. A 1990 ya ɗauke hedikwatar ƙungiyar kamfanoninsa kacokan ya kai Hon Kon, lokacin da wasu ke tattara nasu ya nasu saboda za a mayar wa Cana birnin a 1997. A Disambar 1995 ya buɗe katafaren kanti a unguwar Pudong ta Shanghai. Ranar farko mutum fiye da miliyan ɗaya suka shiga.

Hauwa: A yini ɗaya? Ai ciniki ya faɗa.

Bala: Nan ne abin yake ci mini rai. Shiga daban, saye daban. Yawancinsu kallo ya kawo su, aljihun mutanen Shanghai na lokacin bai kai kuɗin kayan ba. Shi kuma burinsa kanti dubu a Cana. Kuma ku ji inda kuɗin ke fitowa. Maimakon ya riƙe banki guda ya zama ubangidansa, kamar yadda kamfanonin Jafan suka saba, sai ya riƙa sayar da takardun bashi irin waɗanda mai su ke iya mayarwa hannun jari. Muddin farashin hannun jarin na hawa, lafiya lau. Da ya faɗo, kowa ya ce a'a, kuɗina nake so a hannu.

Sani: Bankunan fa?

Bala: Wanda ba ka gaishe shi da rana ba, za ka buga masa ƙofa da tsakar dare? Suka naɗe hannu. Kantunan gida, waɗanda su ne uwar jari, sai da aka sayar da masu kawo cinikin cikinsu don a samu na biya. A Satumbar 1997 Yaohan ta Jafan ta durƙushe da bashin yen, kuɗin Jafan, sama da biliyan 160. Kafin shekara ta fita kantunan Hon Kon sun rufe. Ni ma'aikatan nake tunawa, mutum ya yi sammako ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ga iyali a gida.

Hauwa: Allah sarki. Babu abin da ya saura?

Bala: Jusco, wani babban kamfanin kantuna na can, ta karɓi na Jafan, daga baya aka sauya musu suna. Na Amurka sunansu ya koma Mitsuwa. A birnin Makawo na Cana har yau akwai New Yaohan, amma masu shi daban.

Hauwa: Yaya, mun yi alkawarin kwatanta shi da na Kano, ga lokaci ya ci mu.

Sani: Sai mako mai zuwa. Zan taho da Wada mai shinkafa ya faɗi nasa.