Suga ya sauka, zuciyar fa?

Salamu alaikum jama'a. Ku dubi wannan Hajiyar ta Aboabo, nan Kumasi. Shekara shida ke nan tana da ciwon suga nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya. Ta daina sa sukari a koko, ta rabu da lemon kwalba, kullum da asuba sai ta huda yatsa ta duba lamba. Amma ƙwayar hawan jininta tana can ƙasan jaka tun watan azumi. In ka tambaye ta, sai ta ce ai kanta ba ya ciwo.

To a nan gizo ke saƙar. Sukari in ya daɗe da yawa a jini, yana cin bangon jijiyoyin jini ta ciki har ya yi kaushi. Kitsen jini, wato kolestarol, sai ya samu wurin maƙalewa, kamar yadda leda da yashi ke taruwa a kwata. Hawan jini kuma shi ne ruwan sama mai ƙarfi da ke dukan wannan kwatar dare da rana. Ranar da hanya ta toshe a zuciya, bugun zuciya ke nan. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. Mai ciwon suga, haɗarinsa na waɗannan biyun ya kai kusan ninki biyu na wanda ba shi da shi.

Abin tsoron ma, suga na kashe jijiyoyin jin zafi. Wani zuciyarsa za ta buga ba tare da ciwon ƙirji ba, sai gumi, haki da kasala, a ce ai maleriya ce ko gyambon ciki.

A 1998 an fitar da sakamakon wani babban bincike a Birtaniya kan masu irin wannan ciwo. Waɗanda aka matsa wa hawan jininsu ya sauka sosai, shanyewar jiki ta ragu musu da kashi 44 cikin ɗari. Ku lura, hawan jini aka ce. Shi ya sa likitoci ke son awon ya tsaya ƙasa da 130 bisa 80, kuma suke ƙara wa da yawa ƙwayar rage kitse irin su atorvastatin bayan metformin, maganin sugan. Gishiri da dunƙulen Maggi a miyar tuwo su ma suna cikin lissafi, taba kuwa ba a ma maganarta.

Ido da ƙoda, a duba su ko da sau ɗaya a shekara. Ƙafa kuwa kullum: lokacin alwala, a leƙa tsakanin yatsu.

In baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a tsaya shafa man zafi ana jiran gari ya waye. A kira 112, ko a sa mutumin a mota a nufi asibitin Komfo Anokye nan take, a riƙe lokacin da abin ya fara, don likita zai tambaya.