Ƙyandar biri: abin da ke ceton rai a gadon asibiti

Zazzaɓi, ciwon kai, ciwon baya, sai ƙuraje su feso. Da yawa za su ce ƙarambau ne. To ku taɓa wuya, da hammata, da matsematsi. Idan kaluluwa ta kumbura, kuma ƙurajen masu tauri ne, masu zafi, har da tafin hannu da tafin ƙafa, ko a baki da al'aura, a yi zargin ƙyandar biri.

Sunan ma yana ruɗar mutane. A jikin birai aka fara ganin ƙwayar cutar, a wani ɗakin bincike a Denmark a 1958, amma masana sun fi zargin ɓeraye da kuregu. An fara samunta a jikin mutum a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo a 1970. A Najeriya ta sake ɓulla a jihar Bayelsa a 2017, kuma sau biyu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta: 2022 da 2024.

Gwajin da ake dogaro da shi shi ne PCR, wanda ke gano ƙwayar cutar a ɗakin bincike, kuma daga ƙurjin ake ɗaukar samfuri. A goga auduga da ƙarfi a kan ƙurji ko a ɗauki ɓawonsa. Jini yana yaudara, domin ƙwayar ba ta daɗewa a cikinsa.

Yanzu maganar magani. An sa rai sosai a kan wani magani mai suna tecovirimat. Da aka gwada shi a Kongo, a binciken PALM007, sakamakon 2024 ya nuna bai hanzarta warkewar ƙuraje ba. Amma ku lura da wannan: mace-mace a cikin waɗanda aka kwantar kashi 1.7 cikin ɗari ne, da wanda ya sha maganin da wanda bai sha ba, alhali a faɗin ƙasar ya haura kashi 3. Masu binciken suna ganin kulawa ce ta kawo bambancin.

Wace irin kulawa? Ruwa da abinci isassu, domin ciwon baki yana hana yara ci da sha har jiki ya bushe. Farasitamol don zafi da zazzaɓi. Kuskure baki da ruwan gishiri. Wanke fata da sabulu, ban da sosa, ban da fasa ƙurji. Maganin kashe bakteriya sai idan ƙurji ya ruɓe. Ido kuwa, da ya yi ja a kai wa likita, kada a ɗiga komai a gida, ana rasa gani ta nan. Kuma a gwada cuta mai karya garkuwar jiki, don masu ita da ba sa shan magani su ne suka fi mutuwa.

Majinyaci zai zauna a killace har ɓawo ya zube, sabuwar fata ta fito, mako 2 zuwa 4. Kada a kakkaɓe zanin gadonsa, a naɗe shi da safar hannu a wanke. Wanda ya yi mu'amala da shi a sa masa ido kwana 21, kuma rigakafin cutar mai suna MVA-BN ya fi amfani idan an yi shi cikin kwana 4 da yin mu'amalar.