Kuɗin Jamus da suka koma takardar talla

Ku ɗauka ga wata tsohuwar takardar kuɗin Jamus a gabanku, ku dube ta da kyau. Mak miliyan 100 ne rubuce a jikinta, babban bankin Jamus, Reichsbank, ya buga ta a watan Agustan 1923. To, bari mu juya ta. Babu hatimin banki a bayan, babu hoton kowa. Sunan wani kanti ne, da titin da yake, da farashin kayansa.

A 1914, mak 4 da 'yan kai ke sayen dala ɗaya. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya bar wa Jamus bashi, aka kuma ɗora mata diyya. A Janairun 1923 sojojin Faransa da Beljiyam suka mamaye Ruhr, yankin masana'antu na Jamus, ma'aikata suka ajiye aiki, gwamnati ta riƙa biyan su da kuɗin da take bugawa dare da rana. Kafin ƙarshen Nuwamba dala ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2, burodi guda ya kai kimanin biliyan 200. Saboda tsabar gaggawa, takardu da yawa fuska ɗaya aka buga musu, aka bar bayan fari fat.

Ranar 15 ga Nuwamba aka fito da sabon kuɗi, Rentenmark, guda ɗaya a kan tsohon mak tiriliyan ɗaya. Tsofaffin suka zama tari a gidaje. Wasu suka hura wuta da su, wasu suka liƙe bango. Shi kuwa ɗan kasuwa sai ya ga takarda ta araha, an yanka ta daidai, ga fili a baya. Ya kuma san halin ɗan Adam: ko kuɗi ya mutu, in ka gan shi a ƙasa sai ka sunkuya. Sai ya kai wa mai ɗab'i.

Wannan bayan shi masu tara tsofaffin kuɗi ke farauta a yau. Ita takardar kanta ba ta da tsada, don an buga ta ba adadi. Tallan ne ke da wuyar samu, domin kanti ɗaya a gari ɗaya ne ya buga shi. Ni abin da ke taɓa min zuciya shi ne mutumin da jarinsa ya narke a hannunsa, amma ya sake buɗe ƙofa yana kiran masu saye.

Ba duka ne tallan kaya ba. Jam'iyyun siyasa ma sun yi amfani da su, har da 'yan Nazi da suka buga kalaman ƙiyayya ga Yahudawa. A san abin da ake saye.

A kuma yi hattara da jabu, don kowa na iya samun takarda ta gaske ya manna mata sabon tambari. Ɗaga ta a gefen haske, ka shafa da yatsa. Injin ɗab'i na wancan zamani yakan bar ɗan sawu a jikin takarda. Duba farashin: in da Reichsmark aka rubuta, wato kuɗin da ya biyo bayan Rentenmark, ba a buga tallan kafin 1924 ba. Nemi sunan titin a tsohuwar taswirar garin. In ta shigo hannunka, kada ka yi mata lamineshin, kada ka sa mata salatif, ka ajiye ta a shimfiɗe inda rana da laima ba sa kai wa.