Zinariya, Azurfa da 'Yanci

Jama'a masu sauraronmu a Njamena, da 'yan'uwa na tsallaken kogi a Kuseri, assalamu alaikum.

Dattawan da ke zama a rumfunan kasuwar Dembe ba su manta da watan Disamba na 1990 ba. Shugaban ƙasa Hissène Habré ya tsere, Idriss Déby ya shigo gari da dakarunsa, ya ce wa 'yan Chadi bai kawo musu zinariya ko azurfa ba, 'yanci ya kawo.

Aka yi ta guɗa, kuma da dalili. Shekara takwas a ƙarƙashin Habré, mutum bai isa ya soki gwamnati ko a zauren gidansa ba, don bai san wanda ke kai wa 'yan sandan ciki na DDS rahoto ba. Akwai wani wurin ninkaya na zamanin Turawa a tsakiyar birnin nan da aka rufe samansa da kankare, aka mai da shi kurkukun ƙarƙashin ƙasa. Kwamitin binciken 1992 ya ƙiyasta mutum 40,000 aka kashe. Sai a 2016 kotu a Dakar ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai. Shi ma fa daga daji ya fito, da sunan ceto talaka.

To, yaya aka kwana da wancan alkawari? A faɗi gaskiya, an buɗe jam'iyyu, jaridu sun samu baki. Tsarin mulkin 1996 ya ce wa'adi biyu, shi ke nan. A 2005 aka kira ƙuri'ar raba gardama aka share wannan sharaɗi.

Mu Hausawa mukan ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ni kam ban gamsu ba, jama'a. Wa ya zaɓi bafaden? Wa ya kori mai faɗin gaskiya daga fada, ya bar 'yan amshin shata? Giyar mulki a hankali take kama mutum: yau ya ga suka cin mutunci ce, gobe ya ga ƙasar ba za ta kai labari ba in babu shi. Kuma wanda ya ba ka 'yanci a matsayin kyauta, gani yake yana da ikon karɓe abinsa.

A Afrilun 2021 Déby ya rasu bayan raunin da ya samu a fagen daga, ana cikin shelar ya lashe wa'adi na shida. Doka ta ce shugaban majalisa ne zai riƙe ƙasa. Sojoji suka rusa majalisar, suka ɗora ɗansa Mahamat, mai shekara 37.