Ƙaramin malam-buɗe-littafi da masu gadinsa

Assalamu alaikum. Jama'a, yau zan yi magana ne a kan wani malam-buɗe-littafi da masana ke kira Brephidium exilis, wanda wani Bafaranshe mai suna Boisduval ya fara bayyana wa duniyar ilimi a 1852. Idan ya buɗe fukafukansa duka biyu, faɗinsu milimita 12 zuwa 20 ne kawai, kamar faɗin farcen babban yatsa. Babu malam-buɗe-littafin da ya kai shi ƙanƙanta a nahiyar Arewacin Amurka, a duniya ma yana sahun farko.

Asalinsa kudu maso yammacin Amurka ne da Meziko, har zuwa Benezuwela, amma yanzu ya kai Hawai da ƙasashen Tekun Fasha. Yana son ƙasa mai gishiri da kanwa, inda ciyayi kaɗan ke iya tsira.

Saman fiffikensa launin jan ƙarfe ne, da ɗan shuɗi kusa da jiki. Ƙasan fiffiken baya kuwa fari-fari ne daga gindi, a bakinsa kuma akwai jerin ɗigo baƙaƙe masu ƙyalli. Ku riƙe wannan ɗigon a ranku. Masana na ganin irinsa yana karkatar da hankalin tsuntsu zuwa bakin fiffike, ya cafki ɗan yanki, kai da jiki su tsira. Kuma ba ya tashi sama. Ƙasa-ƙasa yake yi, a hankali, tsakanin ciyayi, da ya sauka ya rufe fukafukai sai ya saje da busasshiyar ƙasa.

To, ni a ganina babbar dabararsa tana lokacin da yake tsutsa. A nan ne haɗarin ya fi yawa, domin akwai ƙananan zanzaro da ke zuba ƙwai a cikin jikin tsutsar, 'ya'yan su cinye ta da ranta. Tsutsar koriya ce, ta dace da ganyen da take ci, amma launi kaɗai bai isa ba. Tana da wata kafa a gadon bayanta da ke fitar da ruwa mai zaƙi. Tururuwa su zo su sha, su zauna kanta suna gadi, duk ƙwaron da ya matso su far masa. Ba don Allah suke yi ba, kar ku yaba musu da yawa! Ciniki ne, kuma mafi yawan danginsa da aka yi nazarinsu suna da irin wannan hulɗa da tururuwa.