Pokni: matsayin kaka a wurin ƙabilar Choctaw

Jama'a, assalamu alaikum. Ina gode wa shugaban taro da ya ba ni wannan dama. Maganata ta yau a kan wani yabo ne da ake yawan yi wa tsofaffin matan Choctaw idan sun rasu, wato ɗaya daga cikin ƙabilun da Turawa suka tarar a ƙasar da yau ake kira Amurka. Ana cewa marigayiya uwa ce kuma kaka ce wadda ta ƙarar da rayuwarta a kan iyalinta. Wanda ya ji zai ɗauka yabon mamaci ne irin wanda kowa ke yi wa nasa, amma a wurin waɗannan mutane maganar ta fi haka nauyi.

A wurinmu ɗa na uba ne, da sunan gidan uba ake kiransa. Su kuwa Choctaw, a al'adarsu ta asali, dangantaka ta wajen uwa take bi. Yaro yana shiga dangin mahaifiyarsa ne, waɗanda suke kira iksa, gida da gona suna hannun mace, kuma kawu, ba uba ba, shi ne mai tsawata wa yaro namiji. Uwa suna ce mata ishki, kaka kuma pokni. Har tudun ƙasar da suke ɗauka a matsayin tushensu, Nanih Waiya a jihar Misisipi, uwa suke kiransa. Saboda haka idan pokni ta rasu, wadda ake lissafin zuriya daga gare ta ce ta tafi.

To, bari mu ga abin da waɗannan mata suka ɗauka a kansu. A watan Satumba na 1830 aka ƙulla yarjejeniyar Dancing Rabbit Creek da gwamnatin Amurka, wadda ta raba Choctaw da ƙasarsu ta gado a Misisipi. Masu tarihi sun ruwaito cewa tsofaffin mata bakwai ne suka zauna a tsakiyar filin taron, suka nuna ƙin amincewarsu a fili, amma wakilan gwamnati ba su saba sauraron mata ba, sai suka nemi sa hannun maza. Daga 1831 zuwa 1833 aka kwashe mafi yawan jama'ar zuwa yankin da ya zama Oklahoma, cikin sanyi da yunwa da annobar kwalara, dubbai suka mutu a hanya. Waɗanda suka isa sai da suka sake share daji suka shuka masara, noman da tun asali yawanci na mata ne. Wasu kuma suka ƙi tashi, jikokinsu na nan a Misisipi har gobe, inda a 2011 suka zaɓi mace ta farko a matsayin shugabar ƙabila, Phyliss Anderson.

Yanzu mu ɗauki misalin macen da aka haifa a kudu maso gabashin Oklahoma wajen 1935, domin irinta ce ake binnewa a 'yan shekarun nan. Mai yiwuwa ta yi karatu a makarantar kwana ta 'yan mata ta Wheelock, wadda aka rufe a 1955. A makarantun kwana na wancan zamani Turanci kaɗai ake so a ji a bakin yara, kuma ana hukunta wanda ya yi harshen gida. A nan ne nake so ku yi mata adalci. Da yawa daga cikin waɗannan mata ba su koya wa 'ya'yansu harshen Choctaw ba, kuma wasu na ganin laifinsu. Ni ban ga laifi ba. Uwar da aka doka saboda harshenta, in ta kare ɗanta daga wannan dukan, ƙauna ce ta sa ta. Abin mamakin shi ne, abin da ta hana ɗa sai ga shi ta ba jika, bayan zamani ya sauya, hukumar ƙabilar da ke garin Durant a Oklahoma ta fara koyar da harshen a makarantu, aka koma neman tsofaffi domin a ji yadda ake furta kalmomi.

Abin da ba ta taɓa saki ba kuwa shi ne madafa da allura. Ita ke dafa tanchi labona, surfaffen masara da naman alade, da banaha, garin masara da ake ƙunshewa a ɓawonsa a dafa, kusan yadda ake ƙunsa alala. Ita ke ɗinka wa jikoki doguwar rigar rawa mai jerin ado mai kusurwa huɗu, wanda ake cewa girmamawa ce ga macijin da ke kore ɓeraye daga gona, wasu kuma suna saƙa kwanduna da karan bakin kogi.

A da, bayan makonni da binne mamaci, dangi kan sake haɗuwa a bakin kabari, su lulluɓe kawunansu su yi kuka tare, sannan a ci abinci. Wannan suke kira yaya. Yau yawanci a ƙaramar majami'ar ƙauye ake taruwa, a rera waƙoƙin ibada da harshen Choctaw, sannan 'ya'yanta mata da jikoki su fito da tukwanen tanchi labona, su raba wa masu ta'aziyya.