Saƙon murya ba shi da kwanan wata: lacca kan neman bayanin cuta a waya, Damagaram

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye mata, ɗalibai, sannunku da haƙurin zama cikin zafin nan. Na baya kuna jina? To madalla. Abu uku zan taɓa kan yadda marar lafiya ke neman bayanin cuta mai yaɗuwa a wayarsa: harshe, wuri, da lokaci.

Harshe kun san shi. Ka rubuta sanƙarau da Hausa a Google, abin da zai fito bai taka kara ya karya ba. Ka rubuta da Faransanci, shafuka su yi ta zubowa, amma wa zai karanta wa innar da ba ta shiga lakwal ba? Shi ya sa saƙon murya na WhatsApp ya zama lokotoron unguwa.

Wuri kuma, shafin da aka rubuta don mutumin Faransa zai ce in jiki ya yi zafi ka huta, ka sha ruwa, ka haɗiyi parasitamol. Can daidai ne. Nan kuwa, yaro ya yi masassara a watan Satumba, palu, wato zazzaɓin cizon sauro, ake fara zato har sai an soki yatsa an gwada, kuma gwajin bai wuce minti 20 ba.

Yanzu lokaci, nan nake so ku ba ni kunnuwanku. A 2010 aka fara babbar allurar sanƙarau a ƙasar nan, MenAfriVac, kuma ta yi aiki, wallahi ta yi aiki. Amma nau'in A kaɗai take karewa. Ƙwayar sanƙarau dangi-dangi ce. A 2015 nau'in C ya faɗa wa Yamai. Daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar nan tamu ta Damagaram, 18 suka rasu, Dungas ta fi kowa jin jiki, kuma nau'in C ne ya fi yawa. To mutum ya ji tsohon saƙo yana cewa wanda aka yi wa allura ya tsira, sai ya kwantar da hankali, alhali maganar A ake yi. Maganar gaskiya ce, amma ta tsufa. Ku ji ni da kyau, ta tsufa. Saƙon murya ba shi da kwanan wata. Wanda aka ɗauka shekara biyar da suka wuce, yau zai shigo wayarka sabo fil, daga yayanka da ke Kano ko Agadas, ka kuwa yarda saboda ka yarda da yayanka.

Kuma kun lura yadda suke farawa? "Wani babban likita a Indiya ya ce..." Likitan nan kullum ba shi da suna, kamar ba a yanka masa rago ba! (dariya) Ku tambaya: wa ya faɗa, a ina, yaushe? In ba amsa, kada ku tura gaba.

Abin da nake so waya ta koya muku shi ne lokacin gudu. Zazzaɓi ya zo farat ɗaya, kai na sara, wuya ya sanƙare, amai, jariri ya ƙi nono, maɗigarsa ta kumbura, musamman daga sanyin hunturu zuwa bazara. Sanƙarau na iya kisa cikin kwana ɗaya. Wannan ba lokacin sayen kiredi a yi bincike ba ne, a nemi kabu-kabu.

Ga ƙari guda, da sauri: kada ku ɗauki sunan magani a intanet ku tafi wurin mai tallar ƙwayoyi a kasuwa. Shan amoksisilin kwana biyu a bari shi ke sa ƙwayar cuta ta daina jin magani.

Na ga hannu. Bismillah, Hajiya.

(Wata uwa ta ce an turo mata saƙo cewa in maƙogwaron yaro ya kumbura, beli ne, a kai wa wanzami.)

Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika tambaya. A 2023 mashaƙo ya ɓarke a Matamaye, nan kusa da mu. Yana fara kamar ciwon maƙogwaro, sai wata fatar toka-toka ta shimfiɗu can ciki, wuya ya kumbura, numfashi ya fara wuya. Ba beli ba ne. In aska ta taɓa wurin jini zai zuba, cutar na nan daram, kuma tana bin iska zuwa sauran yaran gida. Asibiti ake kai shi a ranar, a kuma duba waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da shi. Rigakafinsa na cikin allurar Penta da ake yi wa jariri a sati 6, 10 da 14, kyauta. Jikanki ne? Shekararsa nawa? To ki dubo karnen allurarsa yau. In akwai layin da ba a cika ba, gobe da safe ki kai shi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ki nuna wa majo, babban ma'aikacin lafiyar wurin.